Yadda Aka Hana Riskuwa Goyon Ciki

Alhaji Sunusi ya hana surukarsa Riskuwa tafiya gida goyon ciki.

Cikin fari ne, wata bakwai. Kowa a Argungu ya san abin da ake yi: mace ta koma gaban uwarta ta haihu. Gwaggonta Hamida ta taso daga Augie da hantsi, ta zo da mota, har an fitar da akwati tsakar gida. Riskuwa na bakin ƙofar ɗaki da hijabi, ƙafafunta sun ƙi shiga takalmi. Alhaji ya shigo, ya dubi akwatin, ya ce a mayar.

"Alhaji, lahiya?" in ji Gwaggo.

"Lahiya lau. Ba ta tahiya yau."

"Watanta ya kama. Uwatta na can ta share ɗaki."

"Shi jira. Ran Talata mutanen Birnin Kabi za su zo awon ƙarhen ga. Sai sun gan ta."

Ya nuna da sanda. Ƙarfen sabis ne, dogo, ja da fari, tsaye a filin maƙwabcinsu Munzali bayan katangar ɗakin Riskuwa. Bara kamfanin waya ya kafa shi. Filin Alhaji suka fara dubawa, suka tsallake, suka ba maƙwabcinsa. Tun ranar Alhaji ya ce ƙarfen yana fitar da tururi mai cin jinin mutane. Ya tara dattawan unguwa, ya sa aka rubuta ƙara, ya kai Birnin Kebbi da kansa. Can aka tambaye shi wa ƙarfen ya taɓa. Ba shi da kowa. Ana nan sai kan Riskuwa ya fara ciwo.

"Su gan ta?" Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ɗiyar tamu ta zama abin kallo?"

"Ɗiyata ce yanzu. Gidana take. Kwana huɗu, Hajiya. Ni zan sa Rabi'u shi kawo ta har ƙohwar ɗakin uwatta."

Riskuwa ta dubi mijinta. Rabi'u na tsaye jikin rumbun albasa, yana ɓare bawon wata da farce. Bai ɗago ba. Gwaggo ta yi magana har muryarta ta dushe, sannan ta shiga mota ita kaɗai.

A ranar Alhaji ya aiko Inna Zainabu, matarsa, ta karɓi wayar Riskuwa. Ya ce ga tururi daga waje, ga wani a hannu, abin ya yi mata yawa. Tasa wayar tana aljihun gaban rigarsa, kullum tana kuka, masu sayen albasa daga kudu suna nemansa.

Ciwon kan na farawa ne daga ƙeya. Kafin azahar ya zagayo goshi, ya zauna a bayan ido kamar an ɗora dutsen niƙa. Lokacin zafi ne, ana tsakiyar cirar albasa. Alhaji ya sa aka buga fallen kwano a tagar ɗakin don tare tururi, iska ta daina shiga. Inna ta yayyanka albasa ta jera a gindin bango, ta ɗaura wata a goshin Riskuwa da ƙyalle.

"Albasa na zuƙe dahi," in ji ta. "Da sahe ki duba, za ki ga ta yi baƙi."

Da safe ta yi baƙi. Kowace albasa aka yanka aka bari a ɗaki mai zafi haka take yi. Inna ta kwashe a faranti ta kai wa Alhaji, Alhaji ya kai zaure ya nuna wa mutane.

Daga albasa aka koma kan Riskuwa. Alhaji ya riƙa shigo da dattawa biyu-biyu, a fito da ita a zaunar a tabarma. Yarinyar da ko kalmar ciki ba ta iya furtawa a gaban surukai, ita aka ce ta miƙe ƙafa a gaban maza.

"Zainabu, danna su gani."

Inna ta danna babban yatsa a ƙwaurinta. Ta ɗaga. Ramin ya tsaya, bai cike ba.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Awa tuwo. Wagga yarinya da anka kawo ta ko mura ba ta yi."

Dattawa su ce subhanallahi, su dubi ƙarfen, su fita suna girgiza kai. Babu wanda ya tambaye ta abin da take ji. Riskuwa takan ja hijabi ta rufe fuska, ta ƙirga ƙafafun mutanen har su ƙare.

Talata ta zo, masu awo ba su zo ba. An ce sai Litinin. Litinin ta zo, aka ce motar ofis ta lalace.

Zobenta ya nutse a yatsa, sai da sabulu aka cire. Fuskarta ta cika, idanun suka ƙanƙance. Ta fara ganin wasu ƙananan taurari suna yawo a gabanta da rana tsaka. Ta kama rigar Rabi'u da ya shigo cin abinci daga fadama.

"Malam, don Allah ka kai ni asibiti. Ko awo ɗai a yi man."

"Baba ya ce in munka je za su rubuta wani abu daban. Likitoci da 'yan kamhwani dut bakinsu ɗaya."

"To kai ni gida."

"Ki yi haƙuri. Kwana nawa ya rage?"

"Haka kac ce wancan mako."

"Riskuwa, gonar da nika nomawa tasa ce. Ɗakin ga nasa ne. Ya tsaya gaban unguwa ya rantse. Kina so in kunyata shi?"

Ya ciro ƙullin maganin ciwon kai daga aljihu ya ajiye mata. Na huɗu ke nan cikin kwana goma.

Mai kemis ɗin da yake saye a wurinta ita ta lura. Titilope sunanta, Bayarabiya, ana kiranta Maman Dayo. A Birnin Kebbi aka haife ta, ta yi aikin jinya kafin ta buɗe shago a bakin kasuwa. Ta tambayi Rabi'u wa ke haɗiye wannan magani haka. Da ya faɗa mata, ta rufe shago ta biyo shi.

Ta shiga ɗakin, ta toshe hanci. Ta cire albasar goshin ta jefar. Ta naɗa abin awon jini a damtsen Riskuwa, ta matsa, ta duba. Ta sake a ɗaya hannun.

"Amarya, kina ganin wuta-wuta a ido?"

"E."

"Nan ƙasan haƙarƙari hwa?"

"Tun jiya."

Maman Dayo ta miƙe ta fita tsakar gida. Alhaji ya riga ya ji labari, yana tsaye da sanda. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, jinin yarinyar ga ya hau. Ɗari da saba'in. Mai ciki ba a barinta ta kwana da haka. Yau za a kai ta, ba gobe ba."

"Mun san ya hau. Mi ya hau da shi?"

"Ciki, Baba. Cikin hwari na yin haka. Na gan shi a ƙauyen da ko sabis babu."

"Ke likita ce?"

"Ni ba likita ba ce. Shi ya sa nic ce a kai ta wurin likita."

"Ba katin waya kika saidawa a shagonki ba?"

"Ina saidawa. Kai ma wurina kaka saye."

Inna ta rufe baki da mayafi. Fuskar Alhaji ta murtuke.

"Kin ci abincin kamhwani, kin zo gidana ki wanke su. Hita."

"Zan hita. Amma ka ji da kunnenka: in ta yi jijjiga, ko ita, ko abin cikin, ko dut biyun."

"Rai na hannun Allah."

"Mota kuma na hannunka, Baba."

Riskuwa ta ji duka daga ɗaki. Ta ɗora hannu a cikinta. Abin da ke ciki ya motsa, a hankali, ba kamar da ba. Da can da asuba yakan tashe ta da shuri. Yanzu sai ta jira, ta jira, ta sha ruwa, sannan ya taɓa ta sau ɗaya.

Gwaggo Hamida ta sake zuwa. A zaure aka tare ta. Alhaji ya ce zuwan masu awo jibi-jibin nan ne, an tabbatar masa, har ya rantse. Ya sa aka ɗora mata buhun albasa a mota. Riskuwa ba ta san ta zo ba sai da ta ji Inna na faɗa wa maƙwabciya.

Masu awo sun zo ranar Alhamis, kwana goma sha tara bayan mayar da akwati. Mutum biyu ne. Babbansu Malam Sama'ila, mai furfura a gemu, yana riƙe da wata na'ura mai kai kamar ƙwallo. Unguwa ta cika ƙofar gida. Ya auna a gindin ƙarfen, ya auna a titi, ya auna a tsakar gida. Ko'ina ya tsaya sai ya jira minti shida, abokinsa ya rubuta. Daga ƙarshe ya yi sallama a ɗakin Riskuwa. Ya auna a bakin gado, ya auna a taga. Ya sauke na'urar. Ya dubi fuskar da ke kan matashi, ya daɗe yana dubawa.

A tsakar gida ya yi bayani a gaban kowa.

"Alhaji, akwai iyaka da anka sa. In abin da ƙarhe ke hitarwa ya kai ta, mu da kanmu muka sa a kashe shi. Nan gidan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na iyakar ba. Abin yana can sama, gaba yake harbawa, ba ƙasa ba. Wayar ga ta aljihunka, in ka kara ta a kunne, abin da kaka samu ya hi na ɗakin can."

Wani daga baya ya yi dariya, ya haɗiye.

"To mi ya kumbura ta?" in ji Alhaji.

"Ban sani ba, ba aikina ba ne. Amma ina da 'ya'ya mata. Da tawa ce, da ba ta kai la'asar a gidan ga ba."

Alhaji ya juya ga dattawa, ya ɗaga murya.

"Kun ji? Kwana goma sha tara suna ja mana rai. Don mi? Don kamhwani shi samu lokaci shi rage wutar ƙarhen! Yau sun rage, gobe su mayar. Ni ba yaro ba ne. A sake awo, ranar da ba su sani ba. In ba haka ba mu tahi kotu. Ga shaida nan kwance."

Dattawa suka ce lallai da magana. Babu mai son a ce tun bara yana bin iska. Malam Sama'ila ya naɗe wayoyinsa. A ƙofa ya tsaya gaban Rabi'u.

"Kai ne mijin?"

"Ni ne."

"Kai za a tambaya, ba shi ba."

Rabi'u ya bi motar da kallo. Sannan ya ɗauki fartanya ya tafi fadama.

Washegari Juma'a. Riskuwa ta sha ruwa ta jira. Ta sake sha ta jira. Ta kwanta ta gefen hagu kamar yadda Maman Dayo ta ce. Babu motsi. Ta kira Inna.

"Inna, tun jiya bai motsa ba."

"Barci shikai. In sun kusa haka suka yi."

"Inna, ki roƙa man Baba."

Inna ta zauna bakin gado, ta gyara mata ɗankwali.

"Ɗiyata, shekara arba'in ina gidan ga. Ban taɓa ganin ya ce a'a ya koma ya ce e ba. Mu mata namu haƙuri ne. Ni na haihi tara a ɗakin can, ko allura ba a yi man ba."

"Nawa sunka rayu?"

Inna ta tashi ta fita.

Bayan an sauko daga masallaci, dattawa suka zauna a zaure suna shawarar kotu. Riskuwa ta sa hijabi. Ba ta nemi takalmi ba. Ta dafa bango ta fito. Rabin tsakar gidan ya ɓace mata, sai haske fari. Ta san hanyar tasha: a miƙe, a karya dama wajen masu kifi. Ta ce a ranta ko da rarrafe ne. Ba ta taɓa ratsa zaure maza na zaune ba, yau ta ratsa.

"Ina za ki?" in ji Alhaji.

"Gida, Baba."

"Koma ciki."

Ta ƙara taki biyu. Sai bakinta ya karkace, hannunta ya sanƙare, ta faɗi a kan takalman mutane. Jikinta ya kama bugun ƙasa. Kumfa da jini suka fito, ta ciji harshe. Dattawa suka miƙe suna salati.

"Ku gani da idonku!" in ji Alhaji. "Wa ke da waya mai hoto? A ɗauka! A ɗauka kahin ta lahwa!"

Aka samu wanda ya ɗauka.

Rabi'u ya shigo daga masallaci ya tarar da haka. Bai dubi ubansa ba. Ya sunkuce ta ya fita titi yana ihu. Maman Dayo ta ji labari ta taho da gudu, ta tare mai motar kaya, ta hau baya ta riƙe mata kai. A asibitin garin aka yi mata allura, aka ce wannan sai Birnin Kebbi. Tafiyar awa guda ce a mota. Sau biyu ta sake jijjiga kafin su kai.

Ta farka ranar Lahadi da hantsi. Cikinta a ɗinke. Gwaggo Hamida na zaune a gefe tana mata fifita. Riskuwa na jin muryarta, amma fuskar kamar ta cikin ruwa.

"Gwaggo, ina shi?"

Gwaggo ta ajiye mafici.

"Namiji ne. An yi mashi sutura jiya. Likita ta ce ya kwana biyu da rasuwa kahin a ciro shi."

Riskuwa ba ta yi kuka ba. Ta juya fuska ga bango. Likitar ta zo zagaye, ta ce idon zai iya washewa, zai iya ƙi, sai an ga yadda jinin ya sauka. Ta ce da an kawo ta ko da mako guda kafin nan, ƙwaya ce da hutu da sa ido. Ta tambayi nisan gidansu da asibiti. Rabi'u, da ke tsaye a ƙarshen gado, ya ce ba nisa. Likitar ta dube shi, ta wuce gado na gaba.

Ranar Laraba Alhaji Sunusi ya zo dubiya. Babbar riga, sabuwar hula, dattawa biyu a bayansa da wani mai rubuta takardun kotu. Ya kawo lemo da gasasshen kifi. Ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa.

"Sannu, ɗiyata. Ƙaddara ce. Allah Shi ya ba mu, Shi ya karɓa. A maƙabarta na hwaɗa wa jama'a, jikana shi ne na hwarko da ƙarhen ga ya ci, kuma in sha Allahu shi ne na ƙarshe."

Gwaggo ta buɗe baki. Ya ɗaga mata hannu.

"Hajiya, ba hwaɗa ya kawo ni ba. In an sallame ta, ku tahi da ita Augie. Ta yi wata uku, ta yi huɗu, ni na yarda. Abu ɗaya ya rage."

Mai rubutu ya buɗe jaka, ya fito da takarda da ɗan kwalin tawada. Ya karanta. Ni Riskuwa, matar Rabi'u Sunusi, ina shaida cewa lafiyata ƙalau har aka kafa ƙarfe a bayan ɗakina. Cewa tururinsa ya kumbura ni. Cewa shi ya kashe abin da ke cikina. Cewa mutanen gidanmu sun yi iyakar ƙoƙarinsu.

"Lauya ya ce hoton bai isa ba," in ji Alhaji. "Sai da yatsanki. Ba don ni ba. Don matan unguwa."

Matar gadon kusa ta daina tauna.

"Rabi'u, kama mata hannu. Ba ta gani sosai."

Rabi'u ya matso. Ya ɗauki hannunta na dama, wanda babu allurar ruwa.

"Ki yi haƙuri," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki dangwala a wuce wurin. Kowa shi huta."

Riskuwa ta juyo. Ba ta ganin fuskar surukinta, sai farin riga da tsayi. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ba ta taɓa yi masa musu da baki ba. Harshenta a kumbure yake inda ta cije, maganar na fita da nauyi.

"Baba, ƙarhe bai mayar da akwatina ba. Ƙarhe bai kori Maman Dayo ba."

"Ke! Da wa kika magana?" in ji Alhaji.

"Yarinya, ubanki ne," in ji ɗaya daga cikin dattawan. "Ciwo ne ke sa ta, Alhaji. Rabi'u, sa yatsan."

Rabi'u ya ja hannun zuwa tawada. Ta zare shi. Ta dunƙule yatsun, ta tura su ƙarƙashin cinyarta, ta danne.

"Ba ni dangwalawa."